Maki Hamsin da Shidan da Shulan Ta Zubar

Ranar da sakamakon jarrabawar shiga jami'a ya fito, Lai Shulan ta ci maki ɗari shida da goma sha takwas. Kafin ruwan shayi ya tafasa, Baffa Baoting ya iso gidan da littafinsa a hammata.

Littafin nan duk ƙauyen an san shi. Kaurinsa ya kai bulo, a ciki akwai makin da kowace jami'a ta tsaya a kai shekara uku a jere. Baffa yayan mahaifin Shulan ne, tsohon akawun ofishin gunduma, wanda tun da ya yi ritaya ya naɗa kansa mai cike wa 'ya'yan dangi fom ɗin zaɓen jami'a. Ba wanda ya roƙe shi. Abin taƙamarsa ɗaya ne: yaron da ya biyo ta hannunsa bai taɓa asarar maki fiye da uku ba. A wurinmu kuwa, in ka ci ɗari shida ka shiga makarantar da ke karɓar mai ɗari biyar da hamsin, to ka zubar da hamsin a kwata, kuma sai an yi ta yi maka jaje kamar wanda aka yi wa sata.

Baffa ya ɗora rula a shafi, ya bi layi da jan biro.

"Ga ta nan. Babbar jami'ar nan ta Shanghai. Bara sun tsaya a ɗari shida da goma sha shida. Maki biyu kacal za mu bari."

"Wane sashe, Baffa?" in ji Shulan.

"Sashe kuma? Ke dai ki samu ki shiga ƙofa. Akwai ɗan akwati a ƙarshen layi, ki sa masa alama cewa kin yarda a kai ki duk sashen da ya rage. Magana ta ƙare."

"In suka jefa ni inda ban taɓa jin sunansa ba fa?"

"Jan ƙyallen taya murna da ake ratayawa a zauren kakanni, kin taɓa ganin an rubuta sashe a jikinsa? Sunan jami'a ake rubutawa, yarinya."

Nan kam gaskiyarsa. Ƙyallen yakan yi shekara a rataye har rana ta kodar da shi, kuma ba mai tambayar abin da yaron yake karantawa, balle inda ya ƙare. Ɗan maƙwabcinsu ma ya samu nasa ƙyallen ta hannun Baffa, ya yi shekara huɗu yana karatun da ya tsana, yanzu yana kai wa mutane abinci a kan babur a birni.

Shulan ta ajiye kofinta. "Ni ilimin cututtukan tsirrai zan karanta. A jami'ar aikin gona."

Baffa bai ma yi fushi ba tukuna. Ya lashi yatsa, ya buɗe can bayan littafin, ya duba, sannan ya cire tabarau.

"Ɗari biyar da sittin da biyu. Maki hamsin da shida za ki zubar? Kin san yara nawa ne za su ba da haƙorin gabansu don maki ɗaya? Baoshan, kana jin 'yarka kuwa?"

Lai Baoshan, mahaifinta, yana zaune a bakin ƙofa yana gyaran igiyar buhu. Mutum ne da magana ke yi wa tsada. Bai ɗago ba ya ce, "Ban sa ki makaranta shekara goma sha biyu don ki dawo ki riƙe fartanya ba."

Maganar ta yi mata ciwo fiye da duk ihun Baffa, don ta san daga inda ta fito. Shekara shida da suka wuce tudun da ke bayan ƙauyen lemo ne daga ƙasa har sama, itace ɗari huɗu na gidansu. Sai cutar rawaya ta shigo. Ganye ya yi ɗorawa, 'ya'yan suka ƙi nuna. Malaman gona suka ce ba ta da magani, ƙwaro ne ke ɗaukar ta daga itace zuwa itace, sai dai a sare duk wanda ya kamu. Shulan, tana 'yar shekara goma sha biyu, ita ta riƙe gwangwanin jan fenti tana bin su, duk itacen da suka nuna ta shafa masa. Mahaifinta ya bi bayanta da zarto, ya ƙi yarda kowa ya taya shi. Shekara na zagayowa ya dasa sababbi, su ma suka yi rawaya. Daga nan mahaifiyarta ta tafi Dongguan ɗinkin takalma a masana'anta, ba a ganinta sai bikin sabuwar shekara. Yanzu kuma wani mai gidan aladu yana son hayar tudun na shekara talatin. Takardar tana kan firji, Asabar mai zuwa Baoshan zai dangwala yatsa.

Kwana biyar aka ba ɗalibai su cike fom. Kwana huɗu Baffa yana sintiri. Ya zo da kankana, ya zo da matarsa, ya zo da labarin 'yar wane da ta karanci noma ta rasa miji. Ya nemi lambar sirrin fom ɗin, kamar yadda kowane yaron dangi ke miƙa masa ba musu.

"Na manta ta, Baffa."

"Mai maki ɗari shida da goma sha takwas ta manta lamba shida? Ke, ni za ki raina wa hankali?"

"Kai ma ka san kan nan ya gaji."

Ta ce haka tana zuba masa awara mai nama a kwano, har da ƙari. Ya ci, ya tafi yana mita.

Rana ta biyar, ƙarfe biyar na yamma za a rufe fom. Bayan cin abincin rana mahaifinta ya ta da kekensa mai ƙafa uku don ya kai ta ɗakin kwamfuta na makarantarsu. Hanyar ta bi ta gindin tudun. Ya saba wucewa a nan bai waiwaya ba.

"Baba, tsaya."

Ya tsaya. Ta sauka ta fara hawa, dole ya biyo ta. Ciyawa ta rufe kututturan, amma ƙafarta ta san hanya. Ta kai shi kusa da tsohuwar rijiya, wurin wani kututture da ya fi sauran kauri. Itacen da ya dasa ne ranar da aka haife ta.

Shekara shida tana ɗauke da maganar nan. Ta riga ta yanke cewa yau sai ta fita.

"Baba, wannan itacen ma malaman gona sun nuna shi. Ni ce na ƙi shafa masa fenti. Na bari sun juya baya na wuce. Shi kaɗai ya rage tsaye a nan, kuma sababbin da ka dasa daga gefensa suka fara rawaya, kafin daga baya ka sare shi. Ni na jawo."

Baoshan ya matsa kusa da kututturen. Sannan ya tsuguna ya cire wata ciyawa daga jikinsa.

"Na ga ganyensa," ya ce. "Makaho ma zai gane ya kamu. Na zo da zarto na tsaya, na ga ba fenti, na ce to, ba a nuna shi ba. Na wuce."

Ba ta taɓa zaton haka ba. Hawaye suka taru mata, na baƙin ciki da na sauƙi a haɗe, ta share da bayan hannu.

"Ka gani ko? Mu biyu muna son itacen, mu biyu ba mu san komai ba. Har yau ban san ko shi ne ya kashe sauran ba, ko da ma za su mutu. Ina so gidan nan ya samu mutum ɗaya da ya sani."

Baoshan ya miƙe tsaye. Ya duba agogo ya ce, "Lokaci na tafiya."

A ƙofar ɗakin kwamfuta suka tarar da Baffa, ya riga su zuwa a motar haya, da takardarsa da ya rubuta zaɓi layi-layi. Shulan ta gaishe shi, ta karɓi takardar da hannu biyu, ta shige. Ya yunƙura zai bi ta, ƙaninsa ya riƙo hannun rigarsa.

"Yaya, iyaye a waje suke jira. Zo mu nemi inuwa."

"Sake ni! Kai ba ka san abin da za ta yi ba?"

"Na sani."

A ciki Shulan ta ninke takardar Baffa ta sa a aljihu. Tsarin a fili yake: layin farko ake fara dubawa, in makinka ya kai, nan za ka. Ta rubuta jami'ar aikin gona a layin farko, sashen cututtukan tsirrai. Ɗan akwatin nan na ƙarshen layi ta bar shi fari. Ta karanta sau biyu, ta tura.

Baffa ya yi kwana uku ba ya amsa gaisuwarta. Ya gaya wa duk mai kunne cewa wannan ba ta hannunsa ta biyo ba, kada a lissafa ta cikin nasa.

Ranar Asabar mai gidan aladu ya zo da jan tawadarsa ta dangwale. Baoshan ya sauko da takardar daga kan firji, ya shimfiɗa a tebur, ya karkaɗe ƙurarta. Sai ya juya wajen 'yarsa da ke wanke kwanuka.

"Karatun nan naki shekara nawa ne?"

"Huɗu, Baba. Amma kar in yaudare ka. Manyan masana ma har yanzu ba su samo maganin ba. Huɗu ba za su isa ba. Wataƙila goma, wataƙila ma in tsufa ban gani ba."

Mai aladu ya buɗe tawadar ya tura masa. Baoshan ya dubi babban yatsansa, ya mayar da murfin ya rufe, ya miƙa wa baƙon takardarsa.

"Ka yi haƙuri, ka sha hanya a banza. Tudun yana da mai shi."

Da baƙon ya fita, ya ɗauki lauje daga bayan ƙofa ya ce da Shulan, "In kin gama, zo ki taya ni. Ciyawar can ta yi yawa."