Akwatin Rahmatu

Albarka na buga ƙusa a murfin akwatin sai ga Hajjo maƙwabciyarsu ta fito daga ɗaki tana goge hannu da gefen zane.

"Na gama wanke ta," in ji tsohuwar. "Saura kai, ɗana. Ni ban san yadda ake yi da naku ba."

Shi ɗin ma ba wani sani ya yi ba. Kafinta ne, ba fasto ba. 'Yan mishan na Lakwaja suka rene shi tare da Rahmatu tun suna yara 'yantattun bayi, aikin gyaran bariki kuma ya kawo su Kalgo bayan aurensu. Duk garin su biyu ne Kirista. Yau marisuwa, murar nan da ke bin gida gida tana kwasar mutane, ta bar shi shi kaɗai.

Abu ɗaya ta roƙe shi tana numfashi da ƙyar: kada ya bari ƙasa ta taɓa jikinta, ya sa ta a akwati yadda ake yi can inda suka tashi. Ya ce ya ɗauki alkawari. Da katako ya gaza, ƙofar ɗakinsu ya ciro, ya haɗa da teburin aikinsa.

Tun da safe, kafin wannan, ya je ƙofar hakimi. A hanya yana ta tuna Annabi Ibrahim, yadda ya tsaya gaban mutanen wata ƙasa yana baƙo, ya nemi wurin binne Saratu, suka ba shi. To, shi Ibrahim ya yi sa'a, bai gamu da wakili ba.

"Maƙabarta ta Musulmi ce," wakilin hakimi ya ce, baki rufe da rawani. "Wanga zance ya hi ƙarhina. Sai an aika Gwandu."

Gwandu kuwa sai mai doki ya yini a hanya, gawa kuma ba ta jiran manzo.

Sambo ɗan Hajjo ne ya tare shi a hanyar komawa. Shekaranjiya ya binne 'yarsa, shi kansa bai daɗe da tashi daga ciwon ba.

"Akwai gehen gonata bisa hanyar Dangoma," ya ce. "Tahi ka gama aikinka. Ni da ƙanena Umaru mu gina maka."

Albarka ya kama hannunsa ya riƙe.

La'asar ta yi kafin su ukun su kai akwatin gonar, suna tafiya suna ajiyewa. Albarka ya leƙa ramin. Sun haƙa shi tsaf, yadda suka gada: sama da faɗi, ciki kuma siririn gurbi, daidai mutum ya kwanta a gefensa. Shi bai faɗa musu ba, su ba su tambaya ba. Wa zai tambayi yadda ake kabari?

"Ba zai shiga ba," ya ce.

Sambo ya dubi akwatin, ya dubi ramin. "Ashe da shi za ta shiga? Wallahi mun ɗauka makara ce irin taku, a ɗauke ta a maida shi gida."

"Na yi mata alkawari, Sambo."

Umaru ya ɗauki dagi ya sauka. Ƙasan wurin marmara ce zalla, ita ta cinye musu yini. Ya buga, ya sake bugawa, tari ya sarƙe shi, ya zauna a bakin ramin yana haki. Sambo ya karɓa, bai kai ko'ina ba. Albarka ya karɓa. Ƙarfen na tsalle daga dutsen, sai a lokacin ya gane zazzaɓin ya kama shi shi ma. Babu wanda za a kira. Duk mai sauran ƙarfi a Kalgo yana bakin nasa ramin.

"Rana za ta hwaɗi," Sambo ya ce a hankali. "Kuraye na yawo nan wurin. Mi kake so mu yi?"

Albarka ya tsuguna. Tausayin kansa ya kama shi, da kunyar matarsa. Daga nan ya zaro guduma, ya ɓamɓare murfin. Ya ɗauko ta cikin farin zanen da Hajjo ta naɗe ta, ya kwantar da ita a gurbin da hannunsa. Ya farfasa akwatin, suka jera katakon a bisa, inda aka saba jera itace.

Da suka gama tura ƙasa, mutanen biyu suka ja baya, suka tsaya jiran ya yi tasa addu'ar. Ya buɗe baki, kalmomin suka ɓace. Abin da ya zo masa kawai shi ne, Yesu ma a kabarin aro aka sa shi, cikin zane, ba akwati. Ya san haka sarai. Sai dai ba Yesu ya yi wa alkawari ba.

"Rahmatu," ya ce, "ki yafe mini."

Su Sambo ba su ji abin da ya faɗa ba. Suka shafa fuska, suka ce amin.