Ranar Ƙarfe Huɗu

"Kada ki motsa, Madam Honorine! Ga ta nan ta iso!"

Ina tsaye a tsakar gida da jiƙaƙƙen zanin gado a hannu, Firmin ya leƙo ta tagarsa da burushin zane a baki. Maƙwabcina ne, mai zane, shekara tara muna hawa matakala ɗaya a unguwar Montmartre. Rana yake nufi. Ƙarfe huɗu take tsallako rufin mai burodi ta faɗo kan shanyata, kafin minti goma sha biyar ta wuce. Wai ita yake zanawa, ni da zannuwan 'yan rakiya ne.

"Tsoho, ba jiya ka zana ba?"

"Ta jiya daban."

"To ƙarasa da ka mana."

"Da ka? Ni ba maƙaryaci ba ne."

Haka shi da 'yan ƙungiyarsu ta masu zane suke, sai haƙuri. Manyan alƙalan zane sun ƙi su, sai suka haɗa kai za su baje kolin nasu zane-zanen a watan Afrilu. Sau goma sha ɗaya ana dawo wa Firmin da zanensa. Wannan ne karon farko da bangon baje koli ke jiran zanensa, kuma saura fuskata kawai. Tari kuwa ya gama cinye shi, ni ce mai wanke hankicinsa, na sani.

Ran Talata rana ta fito tas. Sau uku yana kirana. Ni kuwa rigunan otal sun taru, dutsen guga ya yi zafi.

"Gobe, Tsoho! Rana ba ƙaura za ta yi ba."

"To, gobe," ya ce, ya ja tagar a hankali.

Laraba aka tashi da ruwa. Kwana tara sama ba ta washe ba, ran na takwas Firmin ya cika. Ni na rufe masa ido. Wallahi har yau rigunan nan suna ci mini rai.

Abokinsa Léonce ya ce zai cike fuskar. Na ce ya kuskura ya gani. Haka suka rataye zanen, ba fuska. Na je kallo, na tarar ana ta dariya.

"Kai, wannan mai wankin ina ta bar fuskarta?"

Ni kuwa ina tsaye a bayansu.

Jiya ƙarfe huɗu rana ta tsallako rufin mai burodi. Na ajiye dutsen guga, na ɗauki zanin, na tsaya daidai inda yake tsayar da ni. Ban motsa ba har ta wuce. Tagarsa a rufe take.