Tsallaka Titi da Ido Ɗaya

Likita ya naɗe wa Nhan idon hagu bayan aikin yanar ido, ya kuma ja kunnen mijinta, Khiem: kada ta faɗi, kada komai ya bugi kanta, in ba haka ba idon ya tafi ke nan. Gidansu kuwa ga shi can tsallaken titi, bayan rumfar mai miyar taliya.

Khiem a kan babur ya yi ƙuruciyarsa, a kai ya yi furfura. Sai da ciwon jiri ya raba shi da babur ya gane cewa masu tafiya a ƙasa, waɗanda ya shekara yana danna wa oda, ashe jarumai ne. Shi dai ba ya cikinsu.

"Me muke jira, tsoho?" in ji Nhan. "Baburan birnin Hanoi ba ƙarewa suke ba."

"Hanya nake dubawa."

"Tsoro dai kake ji. Na san ka."

Ƙa'idar tsallaka titi kowa ya san ta. Ka shiga a hankali, kada ka ruga, kada ka tsaya, ja da baya kuwa ko a mafarki. Mai babur yana auna inda za ka kai ne, ya bi ta inda ka bari.

Ya riƙe gwiwar hannunta, suka shiga. Wani babur ɗauke da kwandunan agwagi ya gifta ta gabansu, wani ya gogi rigarsa. Suna kaiwa tsakiya igiyar silifas ɗinsa ta tsinke, takalmin ya yi zamansa a baya.

Kafin ya yi tunani, jikinsa ya fara juyawa.

"Khiem!" Ta nutsa masa farce a dantse. "Ka juya, ka kashe mu!"

Wata mai sayar da furanni a keke ta riga ta nufo daidai wurin da ya kamata a ce sun bari. Ya ga idanunta sun firfito. Ya jefa ƙafar da babu takalmi gaba, kwalta na ƙuna kamar kasko, ya janyo Nhan. Kwandon furanni ya shafi bayansa ya wuce, zagi na biye.

Suka hau bakin titi. Ya leƙa fuskar Nhan, bandeji na nan daram.

"Sabo ne fa," ya ce, yana kallon tayoyi na bi ta kan takalmin.

"Koma ka ɗauko mana," in ji ta. "Ni dai na iso."