Kura Mai Haƙorin Makka

Mushe Maharazu, malamin boko, ya yi shekara da shekaru yana koyarwa a lakol ɗin Cadawa, kuma duk wanda ya bi ta hannunsa ya san babu malamin da ya kai shi tsanani a kan yaron da ya kuskura ya yi Hausa a aji maimakon Faransanci. Da ya aje aiki sai zama ya ishe shi. Noma bai dame shi ba, kasuwanci bai iya ba, 'yan majalisar ƙofar masallaci kuma sun gaji da gyaran maganar da yake yi musu. Ana nan sai aka gayyace shi wani taro a Maradi kan al'adun gargajiya. Ya dawo da 'yar na'urar ɗaukar magana da kuma baƙin ciki mai yawa. Ashe tatsuniya mutuwa take yi, shi bai sani ba.

"Saudatu," ya ce da matarsa tun bai cire takalmi ba, "al'adarmu tana bakin kabari."

"Allah shi jiƙanta," ta ce. "Tuwonka na nan a rufe."

Direktan rediyon gari, Ridwanu, tsohon ɗalibinsa ne, har yanzu in ya ga Mushe sai ya miƙe tsaye bai shirya ba. Saboda haka bai iya hana shi fili ba. Aka ba shi lokaci bayan isha'i, da zarar an gama cigiyar dabbobin da suka ɓata. Mushe ya riƙa faɗar tatsuniyoyin da ya tuna da irin muryar da yake yi wa yara dikte su rubuta, in ya gama ya jero darussan da ke ciki. Mutanen Cadawa masu ladabi ne. Sukan jira su ji akuyar wa ta ɓata, sannan su kashe rediyo.

"Mushe," in ji Ridwanu wata rana yana sosa ƙeya, "ko a nemo tsohuwa?"

Aka ba shi labarin wata Yelwa a ƙauyen Tudun Ƙirya, an ce a da in ta fara gatana har manya sukan raɓe a bayan danga su saurara. Ya hau kabu-kabu ya tafi da hantsi. Ya iske ta a tsakar gida tana ƙulla daddawar batso, ƙudaje sun yi mata rumfa. Ya gaishe ta, ya bayyana abin da ya kawo shi, har da jawabin da ya ji a Maradi.

"Gatana da rana?" ta ce. "So kake in ɓata a hanyar kasuwa?"

"Ai ba faɗa za ki yi ba, Inna, ajiya za ki yi. Rediyo shi zai faɗa da dare."

Ta yi nazari. "To, in ɓata ce, rediyon shi ɓata. Wace iri kake so?"

"Mafi tsufa. Irin wadda kakanninmu suka zo da ita daga Katsina, wadda zamani bai taɓa ba."

Yelwa ta goge hannu a zane. Ta daɗe tana kallon gonakin da ke bayan dangarta, sannan ta ce akwai wata, tsohuwa ce ƙwarai.

Labarin wata kura ce da ta je aikin hajji ta dawo da haƙorin zinariya, ta ce ta tuba da cin nama, noma za ta yi. Gonarta tana bakin burtali, hanyar da shanu suke bi zuwa ruwa. Kowace damina sai ta ƙara layin gero a cikin burtalin, har ya zamana saniya sai ta tsuke ciki take wucewa. Wadda jelarta ta taɓa kara, kura ta kama ta ta ɗaure a turke, tana jan carbi tana cewa haƙƙi ba wasa ba ne. A tsakiya akwai waƙa, Yelwa ta rera ta da siririyar murya tana buga ƙwarya:

Burtali rame, rame,
Kura na ta ƙiba.

Mushe ya dawo gida kamar wanda ya tono tukunyar zinariya. Bayan an saka muryar Yelwa a rediyo, ya yi sharhi mai tsawo. Ya ce haƙorin nan hujja ce cewa tatsuniyar ta samo asali tun zamanin da ayarin raƙuma suke ratsa sahara da zinariya. Kura kuwa ba kowa ba ce illa son zuciyar ɗan Adam.

Ranar kasuwa bai iya tafiya ba don gaisuwa. Mahauta suka ɗaga masa wuƙa, masu awo suka yi ta sa masa albarka. Wani makiyayi mai suna Sajo ya tare shi da ƙwaryar nono, ya ce matarsa ce ta aiko.

"Mun je wajen maigari, mun je meri wurin magajin gari, kowa ya ce mu yi haƙuri," in ji Sajo. "Kai kaɗai ka hito ka faɗa, Mushe."

"Me na faɗa?"

Sajo ya yi dariya ya kama baki. "Haka ne. Ba ka faɗi komai ba."

Mushe yana cikin mamakin wannan magana sai ya ji yara suna rera waƙar burtali a bayan wata farar mota. Zuciyarsa ta yi fari, ga al'ada ta farfaɗo a bakin yara. Motar ta tsaya, Alhaji Abdussamad, babban ɗan kasuwar hatsi, ya fito ya daka musu tsawa. Da ya buɗe baki rana ta haska haƙorin Makka. Nan Mushe ya tuna an ce Alhaji yana da gona a Tudun Ƙirya. Ƙwaryar nonon ta yi masa nauyi a hannu.

Washegari aka haɗu a buro ɗin Ridwanu, ofishinsa na gidan rediyo. Alhaji ya ƙi zama.

"An ci mutuncina a gidan nan," ya ce, yana magana leɓe a tsuke.

"Subhanallahi," in ji Ridwanu. "An ambaci sunanka, Alhaji?"

"Ba a ambata ba."

"To ko gonarka ta shiga burtali ne?"

"Wa ya ce ta shiga?"

"Babu wanda ya ce. Kura aka ce."

Alhaji ya dubi Mushe, ya dubi Ridwanu, ya ga cewa ba yadda za a yi ya kai ƙara wajen jandarma sai ya fara rantsewa shi ne kurar. Mushe ya yi ƙoƙarin kawo batun ayarin raƙuma. Alhaji ya kaɗa riga ya fita.

Kowa ya zaci magana ta mutu. Sai ga farar motar ta dawo cikin makon da wata tsohuwa a gidan gaba, Fati, gwaggon Alhaji, wadda aka ce ya daɗe bai leƙa ɗakinta ba. An yi mata sabon zane. Ta ce ta ji ana neman gatana ta dā, ita ma tana da wata, ta girmi ta Yelwa nesa ba kusa ba. Tata ta wata tsohuwar zabuwa ce mai kwakwazo, wadda warin daddawarta ya kori ungulu daga gari, kuma tana da akuya mai kiwo a gonar kowa ban da tata. Da aka ɗaure akuyar sai zabuwa ta hau rumbu tana kiran dukan tsuntsaye su zo su ga zalunci.

Ta nan ne Mushe ya gane cewa ba tausayin shanun Sajo ya motsa Yelwa ba. Yaran Alhaji ne suka taɓa ɗaure mata akuya.

Mushe ya so ya hana a saka ta Fati, Ridwanu ya ce adalci shi ne a ji kowane ɓangare. A karo na farko bai miƙe tsaye ba da yake faɗar haka.

Daga nan abu ya ɓalle. Yelwa ta mayar da martani, Fati ta rama. Wasu tsofaffin suka ga ashe akwai inda ake kai kuka ba tare da an je gaban alƙali ba. Saƙonnin murya suka yi ta shigowa ta salula daga Agiye da Gazawa, har daga Sae Sabuwa. Aka ji ta dila mai maganin gargajiya wanda garin kuka ne maganinsa na kowace cuta, aka ji ta kurege mai awo da tiya mai gindi biyu. Ridwanu ya kafa doka cewa wadda ta fito fili ta zama zagi ba za a saka ba. Dole tsofaffi suka koma tono tatsuniyoyin da suka ji a ƙuruciya, don su sami rigar da za su sa wa maƙwabci a gane shi ba a kama su ba. Da haka waƙoƙin da aka manta suka dawo, da karin maganar da ko Mushe bai taɓa ji ba. Tsofaffin da a da ba a tuna su sai ranar suna ko rasuwa, yanzu babura ke layi a ƙofarsu. Matasa kuma suka koma zama kusa da kakanninsu, don su kaɗai suka san wace ce zabuwa, wane ne kurege.

Mushe ya rame. Ya koma Tudun Ƙirya ya iske Yelwa da sabon mayafi, ta sa wata maƙwabciya tana ƙulla mata daddawa.

"Inna, kin yaudare ni. Na ce ta dā, kin ba ni ta bara."

"Kurar ta dā ce," ta ce. "Haƙori kawai ni ƙara mata."

"Na tsaya gaban duniya na ce daga zamanin ayari ta fito."

"Kai ka ce, ba ni ba. Kuma ka kyauta, har Alhaji sai da ya saurara. Yanzu dai kunna abin nan, akwai amsar da ni ka so in ba Fati."

Bai kunna ba, ya tafi da fushi. Amma da ya isa Cadawa ya tarar ta riga ta aiko da amsar ta salular maƙwabciya.

Ya fito da tasa dokar: duk tsohuwar da ta kawo tatsuniya sai ta tabbatar daga bakin kakarta ta ji. Babu wadda ta yi gardama. Wata ma ta ce kakarta ce ta ba ta labarin biri mai babur.

Da kaka aka yi bikin al'adu a Agiye, aka kira Mushe Maharazu gaban jama'a aka ba shi takardar yabo, saboda shi ne ya ceto tatsuniya tsantsa daga gurɓatar zamani. Ya tsaya da takardar a hannu, yana son ya yi bayani. Ya hango Yelwa da Fati a tabarma ɗaya, suna raba goro suna gulmar wata tsohuwar Gazawa da ta fara fin su suna. Ya hango Alhaji Abdussamad a kujerar manyan baƙi, shi ya kawo rumfunan bikin. A daminar da ta wuce ya ja geronsa baya daga burtali, ba duka ba, daidai yadda saniya za ta wuce ba ta tsuke ciki ba. Mushe ya yi godiya da Faransanci, ya koma ya zauna.

Bayan bikin ne wani saƙo ya shigo rediyo, muryar mace ce da ta toshe hanci don kada a gane ta. Labarin wani burtu ne, tsohon tsuntsu mai tafiyar ƙasaita, wanda yake yawo gari gari yana gyara sheƙar tsuntsayen da suka mutu tuntuni, alhali tasa sheƙar tana yoyo, matarsa tana kwana da ƙwarya a kai. Ridwanu ya saurara, ya dubi ƙasa.

"Mushe, wannan ko a bar ta?"

Mushe ya sake saurara. Ya san muryar nan tun tana budurwa, toshe hanci ba zai ɓoye masa ita ba. Kuma abin haushin, tatsuniyar ta tsaru, waƙarta ta fi ta kowa daɗi.

"A saka," ya ce.

Ya yi mata sharhi kamar yadda ya saba, ya ce da alama daga yankin Gobir ta fito, burtu kuma yana nufin mantuwar ɗan Adam. Da safe ya aika aka kira magini ya hau rufin ɗakin Saudatu. Tana tsaye tana miƙa ruwan kwaɓa ƙasa, ta tambaye shi ko yaya shirin jiya ya kasance, ita barci ya ɗauke ta.

"Tsohuwar tatsuniya ce," ya ce. "Ba ki yi asarar komai ba."