Ruɓaɓɓiyar Albasa a Sabon Sito

Shekara uku Riskuwa ta yi tana rubutu a shafinta na intanet kafin wani ya kira ta da maganar aiki. Sunan shafin Daga Fadama, kuma ba ta taɓa sa komai a cikinsa ba sai noma: yaushe ake dashen albasa a Augie, me ke sa shinkafar Gulma ta kwanta idan taki ya yi mata yawa, wace tsutsa ce ke cin ganye daga ciki. Tun da ta gama kwalejin kimiyya da fasaha ta Birnin Kebbi take aika takardun neman aiki, ba wadda aka amsa. Sai ta koma shiga motar ƙauye duk Asabar, ta tsuguna a bakin fangali ta yi wa tsofaffi tambayoyi, ta dawo ta rubuta. Daga baya ta riƙa karanta rubutun da muryarta tana turawa, saboda waɗanda ba su yi boko ba. A haka muryarta ta shiga wayoyin manoman da ba su taɓa ganin fuskarta ba.

Akwai mutum ɗaya da ba ya barin rubutunta ya wuce bai ce wani abu a ƙasa ba. Taufiq sunansa, jami'i ne a wata ƙungiya da ake kira Shirin Albarkar Fadama. Yana rubutu a natse, da Hausa mai tsabta, kuma Riskuwa takan karanta sharhinsa sau uku ko huɗu, ta kife wayar a ƙirjinta tana murmushi ita kaɗai. Sau biyu suka taɓa haɗuwa, duk a wurin taro, duk ta kasa haɗa ido da shi.

Shi ne ya kira ta ranar wata Talata.

"Malama mai fadama, kina zaune ko kina tsaye?"

"Ina tsaye, Malam Taufiq. Lafiya?"

"To zauna. Shugabarmu, Hajiya Ummu Hani, ta karanta shafinki tun daga farko har ƙarshe. Muna neman jami'ar yaɗa labarai, ta ce ba sai an yi miki tambayoyi ba, rubutunki ya riga ya amsa. Ranar Alhamis za mu buɗe sabon siton ajiyar albasa a bayan Argungu. Ki zo ki gani, ki rubuta a shafinki. Ranar Litinin ki karɓi takardar kama aiki."

Ba ta san abin da ta ce masa ba. Ta dai san ta fita tsakar gida ba takalmi ta rungume mahaifiyarta, su biyun suna kuka suna dariya.

Ranar Alhamis tun da safe motar ƙungiyar ta ɗauke ta. Taufiq na gaba kusa da direba, yana juyowa yana nuna mata gonaki kamar ba ita ta fi shi saninsu ba, ita kuwa tana jin daɗin hakan. Ƙarfe tara suka isa, zafin bazara ya riga ya fara dukan kai. An kafa rumfuna, an jera kujeru, baƙi ba su fara zuwa ba. Siton yana tsaye a tsakiyar fili, ginin siminti da rufin kwano, an shafa masa shuɗin fenti, tagoginsa biyu ƙanana can sama kusa da rufi.

Tagogin ne suka fara damunta. Sai kuma ƙamshin turaren wuta da ta ji tun daga ƙofa. Wa ke yi wa albasa turare?

"Shiga ki ba idonki abinci," in ji Taufiq. "Bari in ga masu lasifika."

Ta shiga. Tulin albasa ne ya kai mata ƙirji, daga bango zuwa bango, jajaye manya-manya, ɓawonsu a bushe yana sheƙi. A hoto babu abin da zai fi wannan kyau. Amma zafin ɗakin kamar na gidan burodi, kuma a ƙarƙashin turaren akwai wani wari mai zaƙi-zaƙi, mai nauyi, wanda ke maƙale wa mutum a maƙogwaro. Ƙudaje manya kore suna ta zagaye a gindin bango.

Dillalan albasa ba sa yarda da saman buhu, kowa ya san a nan ake jera masu kyau. Hannu suke zurawa har tsakiya su lalubo. A wurinsu ta koya. Ta naɗe hannun rigarta, ta ture na sama, ta zura hannunta cikin tulin.

Hannunta bai wuce taƙi ɗaya ba, albasar ta daina zama albasa. Yatsunta suka nutse cikin wani abu mai ɗumi, mai laushi, kamar an dama kunu an bar shi ya kwana uku. Wani abu ya motsa a bayan hannunta. Ta fizgo shi da sauri. Baƙin ruwa mai yauƙi ya bi ta har gwiwar hannu, da fararen tsutsotsi uku suna lanƙwasa a tsakanin yatsunta. Warin da ta buɗe wa hanya ya taso gaba ɗaya ya rufe ta.

Da gudu ta fita ta zagaya bayan siton. Can ta durƙusa ta amayar da kokon da ta sha da safe.

"Sannu ɗiyata. Ungo buta."

Wani tsoho ne zaune a inuwar bango, an sa masa sabuwar hula mai tambarin ƙungiyar, ta yi masa yawa har ta sauko kan kunnuwa. Ta karɓi butar ta gode, tana wanke hannu tana kakari.

Tsohon ya karkata kai. "Tsaya. Ƙara magana in ji. Ba ke ce ta cikin waya ba, mai zancen tsutsar ganye?"

"Ni ce, Baba."

"Allahu akbar! Ashe 'yar ƙarama ce ke. Ni Tamba, ni ne babba ga masu albasa na wanga yanki. Kin sa hannu ke nan?"

"Na sa, Baba. Me ya faru da ita?"

Baba Tamba ya gyara zama, ya tofar da yawu gefe. "Ke kin sani, albasa sai an yanke mata ruwa sati biyu, ganye ya kwanta, wuyanta ya bushe, kana a hiddo ta. Su ko sunka sa ranar buki, sunka ce lalle sito ya cika kahin ranar. Munka ce ba ta kai ba, jiya-jiya munka ba ta ruwa. Sunka ce wanda bai kawo ba, a cire sunanshi ga masu samun injin ban-ruwa. Mi za mu ce? Munka tumɓuke ta ɗanya, ganye kore shar. Sannan baƙin sunka ce ba su da sarari, anka ɗaga bukin sati uku. Sati uku tana dahuwa ƙarƙashin kwano."

"To ta saman fa? Ita lafiyarta lau."

Tsohon ya yi wata dariya mara daɗi. "Tawa ce. Wadda na ɓoye ban kawo ba. Jiya da la'asar anka zo da mota anka kwashe ta daga ruduna, aro, wai in an watse a maido min."

Rudu shi ne gadon kara da manoma ke ɗagawa sama da ƙasa su yi masa rufin ciyawa, iska na shiga ta ƙasa tana fita ta sama, albasa ta yi watanni a kai ba ta lalace ba. Riskuwa ta yi rubutu a kansa ya fi sau biyar.

"Kuma sunka ce in an miƙo min lasifika in ce rudu ya tsufa, kowa ya kawo tashi sito," in ji Baba Tamba. Ya taɓa hular. "Shi ne anka ba ni wagga."

"Wa ya ce miki ki zagayo nan?"

Taufiq ne. Ya dubi hannun rigarta da ya jiƙe, ya dubi tsohon, ya gane. Bai firgita ba, abin da ya fi ƙona mata rai ke nan. Murmushi ya yi, ya ciro hankici mai ƙamshi ya miƙa mata.

"Kai, Riskuwa, ke ma da karambani. An ce ki gani, ba a ce ki tona ba."

Ba ta karɓi hankicin ba. "Kai ka je rudun Baba jiya?"

"Ni na je. Saurara mini. Kuskure ne aka yi na lokaci, baɗi za a gyara. In baƙin nan suka ga haka, shirin ya mutu, har da injinan da mutanen nan ke jira. Ke dai ki ɗauki hoton sama, ki rubuta abin da Baba zai faɗa. Ba ƙarya kika yi ba, shi ya faɗa."

"Malam Taufiq, kai ne ka rubuta mini a ƙasan bayanin rudu cewa kakanninmu sun fi mu sanin iska."

"Wannan sharhi ne. Wannan kuma aiki ne."

Ta tsaya tana kallonsa. Tabarau ɗin nan ne, muryar nan ce, farar shaddar da ta yi ta satar kallo a mota ita ce. Duk sharhin nan da ta haddace, ashe haka yake fitowa daga bakinsa ba wuya, kamar yadda wannan ma ya fito.

"Zan gaya wa Hajiya," ta ce.

"Bismillah. Ga motarta can ta iso."

Hajiya Ummu Hani babbar mace ce mai fara'a, da leshi ruwan zuma da mayafi mai nauyi. Tun daga nesa ta buɗe hannu. "Ga marubuciyarmu! Zo nan 'yata, ashe haka kike kyakkyawa." Riskuwa ta durƙusa ta gaishe ta, sannan ta roƙi su koma gefe. Ta faɗa mata komai: ɗanyar albasa, kwano, tsutsa, aron da aka yi daga rudu. Tana faɗa tana jin sauƙi, don ta tabbata matar nan za ta dafe ƙirji ta sa a dakatar da taron.

Hajiya ta saurara har ƙarshe. Sannan ta gyara mayafinta.

"Na sani, 'yata. Ni na ce a sa turaren."

Kafin Riskuwa ta buɗe baki, Hajiya ta ci gaba.

"Kina tsammani ba mu da masu rubutu? Muna da su, har da masu digiri biyu. Amma in mu muka ce sito ya fi rudu, manoman nan za su ce to, su koma gida su ci gaba da abinsu. In ke kika faɗa, za su kawo. Muna da wasu sito biyu da za mu buɗe, ɗaya a Gulma ɗaya a Augie, kuma dole su cika. Shekara uku kina tara yardar mutanen nan, ba ki ci komai da ita ba. To yau ga inda za ta yi miki amfani. Ofis, mota, albashi. Mahaifiyarki ta huta."

Ta faɗi haka da taushi, har tana shafa kafaɗar Riskuwa, zobbanta suna sheƙi. Riskuwa ta ja jikinta baya a hankali. Ta tuna mahaifiyarta, wadda tun jiya ta gaya wa maƙwabta 'yarta ta sami aiki. Ta ji hawaye na tahowa, ta danne.

"Ranki ya daɗe, in sun kawo ta ruɓe fa?"

"Sai a gyara baɗi."

"Abincinsu na bana fa?"

Fara'ar Hajiya ta ragu. "Ke yarinya ce. Je ki zauna a gaba, an ajiye miki kujera. Ki yi tunani kafin Litinin."

Ba ta zauna ba. Ta koma cikin siton, ta toshe hanci da mayafi, ta ture albasar Baba Tamba gefe da hannu har baƙin ruwan ya bayyana, ta ɗauki hoto huɗu. Tana fitowa mai lasifika ya fara gwaji, ta bi ta bayan rumfuna ta tari ɗan acaba zuwa tashar Argungu.

A kan bencin tasha ta rubuta bayanin a wayarta, da babban yatsa, hannunta bai daina wari ba duk da sabulun da ta saya ta wanke shi sau biyu. Ba ta zagi kowa ba, ba ta kama sunan kowa ba. Ta faɗi abin da kwano da siminti ke yi wa albasar da aka cire ɗanya, ta faɗi daga inda ta saman ta fito, ta sa hotunan. Ta karanta da murya, ta goge saboda kuka ya shiga ciki, ta sake karantawa. Ta daɗe tana kallon wayar kafin ta tura.

Mota ba ta cika ba saƙon Taufiq ya shigo: "Kin zubar da aikinki da hannunki. Kuma kin ba ni kunya." Ta karanta sau ɗaya, ta goge lambarsa.

Sun wuce rabin hanyar Birnin Kebbi, tana matse tsakanin wata mata mai kwandon busasshen kifi da taga, tana neman kalmomin da za ta tari mahaifiyarta da su, wayar ta yi ƙara. Baƙuwar lamba ce.

"Salamu alaikum. Da mai Daga Fadama nike magana?"

"Ita ce."

"Sunana Ummaru, daga Gulma. Yanzu munka ji saƙonki, mu goma sha ɗaya muna zaune. An ce mu kai albasarmu sabon sito ranar Lahadi, har mun fara ɗurawa ga buhu. Shi ne munka ce a tambaye ki. Mu kai, ko mu bari?"

Riskuwa ta share fuskarta da gefen mayafi, ta gyara murya.

"Ku zazzage buhunan, Malam Ummaru. Ku mayar da ita rudu."

Ta ji ya juya yana gaya wa sauran, ta ji hayaniyarsu daga nesa. Sannan ya dawo.

"To, shi ke nan. Mun bari."