Angwayen Kabewar Madina

Daminar da aka ƙaddamar da shari'a, Madina ta shuka kabewa a bayan ɗakinta, a wani ƙauye kusa da Zango. Filin bai fi shimfiɗar tabarma uku ba, amma surukarta, Inna Laraba, ta daɗe tana son a kafa wa akuyarta turke a wurin.

"Na ba ki zuwa yankan gero," in ji Inna. "In na ci taushe da kabewarki, fili naki ne. In ban ci ba, na akuya ne."

Kabewa ta yi yaɗo, ta hau zana, ta fara fure. Madina ba ta da yawan magana, amma tana da lura. Ta ga furen iri biyu ne. Wani yana da ɗan ƙullutu a gindinsa kamar ƙwan zabo. Wani kuma a kan siririn tsinke yake, ya buɗe da safe, ya faɗi da yamma, bai bar komai ba. Sai ta ce a ranta, waɗannan cima-zaune ne, ruwan uwar kawai suke shanyewa. Kullum da asuba takan tsinke su tas tun ba su buɗe ba, ta zuba wa akuya.

Akuya ta yi ƙiba. 'Yan ƙullutun kuwa sai su yi rawaya, su yanƙwane, su zube.

Mijinta Amadu ya ce baki ne. Ya karɓo rubutu ya yayyafa, ya rataya tsohon takalmi a jikin zana. Da ya ga ƙudan zuma suna shawagi a wurin, ya ce su ne ɓarayin, ya feshe su da fiya-fiya. Gero ya fara fitar da kai, Inna ta sa aka saro mata turke, ta jingine shi inda Madina za ta riƙa gani.

Ranar kasuwa Amadu ya ɗauko Malam Dabo, malamin gona, a bayan babur. Sai dai a makon nan ne Amadu ya rubuta "Ba shiga" da gawayi a ƙofar zaure, kuma ba ya son a ce shi ya fara karya doka. Don haka Malam Dabo ya tsaya ta waje, Madina da Inna ta ciki, Amadu ya hau turmi a tsakani yana miƙa magana ta saman zana.

"A tsinko mini fure ɗaya mai ƙullutu, ɗaya marar ƙullutu," in ji Malam Dabo.

Aka samu mai ƙullutu nan take. Ɗayan kuwa aka yi ta ɗaga ganye, sai can a saman zana, inda hannun Madina ba ya kaiwa, Amadu ya samo ɗaya.

"Ina sauran?"

Madina ta ja mayafi ta rufe baki. "Akuya," ta ce a hankali.

"Wai akuya," in ji Amadu.

Malam Dabo ya fashe da dariya har da tari. Ya buɗe furen biyu a tafin hannunsa.

"Malam Amadu, duba nan. Wannan mai ɗan sanda ɗaya a tsakiya, mai gari rawaya kamar kurkum, shi ne namiji. Wannan mai dunƙulallen kai uku, mai danƙo, ita ce mace, ƙullutun nan shi ne cikinta. Sai garin wannan ya hau kan wannan sannan ƙullutu ya zama kabewa."

Amadu ya waiga ya ga uwarsa ta kafa masa ido.

"Inna, wai... wai a ƙara taki."

"Kai Auta, zana ce tsakaninmu, ba katanga ba. Na ji ana maza da mata. Malam, yi da ni, wannan kunya za ta kashe shi."

"Inna, maza ne aka ƙarar," in ji Malam Dabo. "Wanda ke kai saƙo tsakaninsu kuma ƙudan zuma ne."

"Su kuma na feshe," in ji Amadu, muryarsa ta yi ƙasa.

"Madalla da ku," in ji Inna. "Mata ta kashe angwaye, miji ya kashe ɗan aike."

Malam Dabo ya ce akwai sauran dama, amma da hannu za a yi. Da sassafe, kafin rana ta rufe furen, a tsinko namiji, a fige masa ganyen rawaya ya rage sandan, a goga a kan macen a hankali.

Madina ta ji kamar ƙasa ta tsage ta shige. Amadu ya sauko daga turmi yana salati.

"A bayan ɗakina? A wannan shekarar?"

Kwana uku Madina ta bar furen siririn tsinke suka fito. A na huɗu ta fita da sassafe, tana fatan kowa na barci. Sai ga Inna zaune kan turken akuya da goro biyu a hannu.

"Dakata, 'yar nan. Ba za a yi wannan a gidana babu waliyyi ba. Auta! Fito da hularka."

Amadu ya fito yana mutstsike ido. Inna ta naɗa shi waliyyin amare, ita ta karɓi wakilcin angwaye, ta ba shi goro ɗaya, ta cinye ɗaya. Ta sa shi ya juya baya, ita ma ta juya, don a cewarta su manya ne. Madina ta fige furen, ta bi amare bakwai ɗaya bayan ɗaya. Ba ta san lokacin da dariya ta ƙwace mata ba. Tun da aka kawo ta gidan, ranar Inna ta fara jin dariyarta.

Biyar suka kama. Ranar da aka fara yankan gero, babbar cikinsu ba ta gama nuna ba, amma Madina ta yanke ta haka, ta yi taushe da yakuwa da gyaɗa. Inna ta ci, ta suɗe yatsa, ta ƙara.

"Da sauran ɗanye-ɗanye," ta ce. "Amma na ci."

Da la'asar ta sa Amadu ya ɗauke turken, ya kafa shi can bakin zaure. Akuya ta yi ta kuka tana jan igiya wajen kabewa.

"Yi shiru," in ji Inna. "Ke da kika ci maza sun fi ɗari, har kina da bakin kuka?"