Tambaya ta Biyar

Saura kaɗan in fasa rubuta wannan, domin wadda abin ya faru da ita ba ta son a riƙa zancenta. Sai da ta ce in rubuta amma kada in ƙara gishiri, sannan na ɗauki biro.

Auta tela ce. Kekenta yana bakin taga a ɗakin Umma, inda haske ya fi shigowa. Karatunta bai wuce firamare ba, kuma irin mutanen nan ce da idan aka taru ya kai mutum uku, muryarta sai ta maƙale a wuya. Yayanta kuwa mai walda ne, ƙato, bakinsa ba ya hutawa. Shi ne kyaftin ɗin ƙungiyar ƙwallon zari-ruga ta unguwarsu, wasan nan da mutum zai rungumi ƙwallo mai siffar ƙwai ya ruga, a bi shi a kayar. Sha'awa ce kawai ta tara su. Akwai direba a cikinsu, akwai mai faci, da malaman makaranta biyu, da wani Dogo mai gyaran fanka.

Ta hanyar riguna ta shiga harkarsu. Duk Asabar sai sun yage, ita ke ɗinkewa, har ta fara bin Yaya fili da zare da allura. Ran nan girar direba ta fashe, maza goma sha biyar suka tsaya a kansa kowa yana ba da shawara. Ita kuwa sai ta ninke ƙyalle mai tsabta ta danne wurin har jinin ya tsaya. Tun daga ranar jakar magani ta koma hannunta, suka sa mata suna Likita. Maƙwabciyarsu nas ce, ita ta riƙa koya mata da yamma: yadda ake naɗa bandeji a idon sawu, yadda ake sa ƙanƙara a cikin tawul ba a kan fata ba, da cewa wanda ya ce wuyansa na ciwo ba a ɗaga shi. Abu ɗaya ta fi nanata mata. Wanda ya bugu a kai har tunaninsa ya rikice, ya gama wasa a ranar, ko da ya rantse lafiyarsa ƙalau, domin bugu na biyu a kan na farko yana iya kashe mutum.

A aljihun jakar akwai wani kati mai tambayoyi biyar da ake yi wa wanda ya bugu a kai. A wane fili muke? Zagaye na nawa ake? Wa ya ci na ƙarshe? Da wa muka buga makon jiya? Mun ci ko an cinye mu? Koci ne ke yin tambayoyin, wani tsohon ɗan wasa mai gwiwa ɗaya da rabi, saboda muryar Auta ba ta fita. Matsalar ita ce, fili ɗaya suke da shi, kusan kullum da ƙungiyar makanikai suke bugawa, kuma shekara biyu ba su ci kowa ba. Amsoshin sun zauna a bakin kowa kamar waƙar 'yan aji ɗaya. Ko a wajen atisaye, da wani ya yi tuntuɓe sai Dogo ya ɗaga murya, "Filinmu! Na biyu! Su! Makanikai! An cinye mu!" a kwashe da dariya.

To, makon da ya wuce abin mamaki ya faru, suka ci makanikai. Kwana bakwai Yaya bai bar kowa ya huta ba. Ya ba Umma labarin sau huɗu, ya ba mai kawo ruwa, har kujerun tsakar gida ya jera yana nuna yadda ya ratsa mutum uku.

Wannan Asabar ɗin da ɗaliban kwaleji suke bugawa, kuma tazarar ba ta da yawa. Ana cikin zagaye na biyu Yaya ya sunkuya zai kama wani ɗalibi, gwiwar ɗalibin ta same shi a gefen kai. Auta ta ji ƙarar daga inda take zaune. Ta suri jaka ta ruga, gyalenta na jan ciyawa.

Ta tarar da shi zaune yana murza ido. Ta durƙusa ta tambaye shi wuya, ya juya shi dama da hagu ya ce ba komai. Aka rako shi bakin fili. Koci ya iso yana ɗingishi, amma idonsa na kan wasan da aka ci gaba da yi.

"Wane fili?"

"Namu."

"Zagaye?"

"Na biyu."

"Wa ya ci na ƙarshe? Kai Dogo, koma baya! Wa ya ci?"

"Su."

"Makon jiya?"

"Makanikai."

"Mun ci?"

"An cinye mu."

"Lafiyarsa ƙalau," in ji Koci, ya buga masa kafaɗa ko waiwaye bai yi ba. "Sha ruwa ka koma, gefen hagu ya buɗe."

Auta ta matso kusa. Ta buɗe baki ta ce, "Baba Koci," amma ihun 'yan kallo ya haɗiye maganar. Ta sake faɗa, ko ita kanta ba ta ji ba. Yaya ya dube ta da wani irin ido mai laushi da ba ta san shi da shi ba, ya ce, "Auta, kin kashe dutsen guga kafin mu fito?"

"Na kashe, Yaya."

Ya kurɓi ruwa. "Auta, dutsen guga fa?"

Ta san ba za ta iya ihu ba, kuma ba ta taɓa ce wa Yaya kada ya yi abu ba tun da aka haife ta. Sai ta kalli ƙafarsa. Ta ce, "Miƙo, igiyarka ta kwance." Ya miƙo. Yatsun tela ne, kafin ya ajiye gorar ruwa ta zare igiyar, ta cire takalmin hagu, ta jefa shi cikin kular ƙanƙara, ta rufe, ta zauna a kai.

"Ke! Ba ni takalmina."

Ta girgiza kai, idonta a ƙasa.

"Auta, wasa nake da ke? Ni sa'anki ne?"

Koci ya juyo. "Me ake jira? Likita, lafiya?"

Dole ya sunkuyo da kunnensa har kusa da bakinta, sannan ya ji. "Baba Koci, ya ce an cinye mu."

"To, ai..." Bai ƙarasa ba. Ya miƙe a hankali ya dubi Yaya. "Kai, makon jiya me ya faru?"

"An cinye mu mana. Yaushe muka taɓa ci?"

Direba, wanda ke zaune a benci da bandeji a gwiwa, ya saki salati. "Mutumin da ya tsayar da ni a tsakiyar titi ranar Talata yana ba ni labarin, alhali ina cikin wasan? A'a, wannan kan ya taɓu. Likita, kada ki tashi. In kin gaji ni zan karɓe ki."

Koci ya cire hularsa ya sosa ƙeya. "Ni ma da na tambaya ban saurara ba. Kunnena ya saba." Ya ɗaga wa alƙalin wasa hannu, ya tura ɗaya daga cikin malaman makaranta ya shiga.

Yaya ya yi faɗa, ya ce zai shiga da ƙafa ɗaya, ya ce zai haɗa ta da Umma. Da ya miƙe don ya nuna ƙarfinsa sai jiri ya kwashe shi, ya koma ya zauna da kansa. Auta ta naɗe ƙanƙara a tawul ta ɗora masa a wurin, ta ɗaga gyalenta ta tare masa rana. Can ya ce, "Wai da gaske mun ci makanikai?"

"Kai ne ma ka ci na ƙarshe, Yaya."

Ya washe baki. "Ba ni labari."

Ba su jira a tashi ba. Direba ya kai su asibiti a motarsa, Auta ta karɓe makullin babur ɗin Yaya ta ɗaure a bakin zaninta. Likitan gaske ya haska masa ido, ya sa shi tafiya a kan layi, ya ce a sa masa ido kwana biyu, idan ya yi amai ko ciwon kan ya ƙaru a dawo da shi nan take. Ba babur, ba walda har sai ciwon kai da jirin sun tafi, fili kuwa sai ya sake ganinsa. Suna fitowa Dogo ya kira waya ya ce an cinye su, amma da kaɗan, kuma a gaya wa kyaftin wannan karon amsarsa daidai ce.

Da la'asar suka isa gida. Umma ta ji bayani, ta kalli ɗanta da ƙafa ɗaya cikin safa, ta ce, "Allah Ya yi miki albarka, 'yar nan. Kai kuma shiga ka kwanta, bakinka ya huta ko na yini ɗaya." Ya shiga yana gunaguni, amma a bakin ƙofa ya ɗan ja kunnen Auta, yadda yake yi mata tun tana ƙarama idan ta burge shi.

Washegari da safe ta leƙa ta ga yana barci, numfashinsa daidai. Ta yafa gyale ta taka har shagon walda. Maigidansa yana jawo ƙarafa waje, ta gaishe shi ta ce Yaya ba zai zo ba wannan makon.

"Me kika ce, ƙanwata? Matso."

Ta matso, ta maimaita, ta faɗi abin da likita ya ce ɗaya bayan ɗaya. Ya ce Allah Ya ƙara sauƙi, zai leƙo da rana. Ta dawo gida ta zazzage buhun riguna a tsakar ɗaki. Bakwai ne suka yage. Ta fara da ta Dogo, don ita ce ta fi wahala.